Audugar Rimi da Fankar Falo

Filon kujera ai ba wani abu ba ne, ƙyalle ne mai kusurwa huɗu da aka cusa wa auduga. Da wannan lissafin na fito daga shagon masu kayan ɗaki, bayan an yanka mini kuɗin da ya sa na tambaya ko har da kujerar ake nufi.

A Kantin Kwari na samu ragowar yadin labule, ƙarshen bandir, da araha. Maƙwabciyata ta ara mini kekenta Butterfly, na ƙafa, ta kuma karanta mini ƙa'ida: ki yanka inci 19, ɗinki ya ci rabin inci ta kowane gefe, ya dawo 18. Ki ɗinka ta baibai, ki bar kafar da hannu zai shiga, sannan ki juyo shi. Abin da ba ta faɗa ba shi ne keken ƙafa yana da zuciya. Ka ɗan yi sanyin taku, sai ya juya da baya, zare ya cukurkuɗe a ƙasa. Na farko dai na ɗinke shi ruf, gefe huɗu, ɗinki mai kyau kuwa, sai da reza ta shiga tsakaninmu.

Saura abin cusawa. Soso ya yi tsada, sai wani tsoho mai yin katifa ya ce in ɗauki audugar rimi. "Ta Zariya ce, Hajiya, ko ruwa ba ta sha." Gaskiya ya faɗa, shi ya sa a da ake cusa ta a rigar da ke hana mutum nutsewa. Amma abin da bai da nauyi a ruwa, a iska ma ba shi da shi.

Ranar babu wuta tun asuba, don haka na zazzage buhun a tsakiyar falo, na zauna ina tsince 'ya'yan ciki, saboda ɓera na son su. Wani, wanda har yau bai amsa laifinsa ba, ya bar fankar sama a lamba biyar. Ihun yaran layi kawai na ji: "An kawo wuta!"

Kafin in miƙe, falon ya yi fari fat. Auduga a labule, auduga a girata, auduga a miyar kukar maigida da na buɗe don ta huce. Ina laluben makunni ina atishawa, sai ga sallama. Surukata ce, cikin baƙin hijabi.

Na durƙusa. "Hajiya, sannu da... atsha!"

Ta tsaya bakin ƙofa, hijabin yana canza launi a hankali, ta ce, "Ke 'yar nan, kaji nawa kika fige?"

Tsintsiya ba ta share audugar rimi, korarta take yi daga kusurwa zuwa kusurwa. Sai da muka yayyafa ruwa. Da abin da muka ceto na cika filo uku: biyu sun tsaya da kansu, ɗaya kullum a kishingiɗe yake. Hajiya ta gwada mafi kyau a bayanta, ta ce ya fi na asibiti, ta sa shi a hammata ta tafi.

Da Juma'a ta aiko almajiri da saƙo: ƙawayenta na Islamiyya suna son guda shida. Yaron na ɗauke da buhu a ka, kuma bakin buhun a kwance yake.