Ɗan Goggo Ya Ga Teku

Barka da sauka, ɗan goggona, bawan gidanmu, matafiyin da bai yi wa kowa sallama ba sai da mota ta wuce Kwanar Dangora! Labari ya iske ni cewa tun da ka dawo daga Ankara ta ƙasar Gana, majalisar bakin tasha a Minjibir ba ta sake samun sukuni ba. Mai shayi ya ce in ka zauna ba ka tashi sai kowa ya ga hoton teku a wayarka, har yaran da aka aiko sayen burodi. Ko gaisuwa aka yi maka, amsarka ɗaya ce: "Ai mu can a Gana..." To, tunda ka hana kowa magana a majalisa, ni na kawo tawa shafin jarida, inda ba ka da ikon katse ni. Kada kuma ka yi tunanin musu, domin 'ya'yan Baffa na Sabon Zangon Ankara sun aiko mini da cikakken rahoto ta WhatsApp tun kafin ƙurar hanya ta bar gemunka.

Mu fara da shiri. Hutun makaranta na Disamba ya zo, ka sayar da waken da aka gama roro, ka ɗaura niyyar zumunci. Madalla. Amma duk jakunkunan da ke Kantin Kwari da Sabon Gari, ka rasa wadda za ka shiga Gana da ita sai Gana-mas-go, jakar da ta yi suna a 1983, lokacin da gwamnatin Shagari ta kori baƙi marasa takarda, 'yan Gana kimanin miliyan ɗaya suka kwashe komatsansu a cikin irinta. Sa'arka ɗaya, mutanen da ka sauka wurinsu sun ɗanɗana irin wannan zafi tun kafin nan. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta Gana ta ba baƙi mako biyu su nemi takarda ko su bar ƙasar, zanguna suka girgiza, gidaje suka rabu, wasu suka dawo Arewa ƙasar da ba su taɓa gani ba. Shi ya sa da Baffa ya ga jakarka bai ce komai ba, ya yi murmushi ya ce a kai ta ɗaki. A cikinta kuma me aka tarar? Rigar sanyi biyu da hular kunne, a garin da gumi ke tsiyaya tun kafin hantsi.

Na ji kana ba da labarin hanya har kana ɗaga murya: Legas, Seme, Kwatano, Lome, Aflawo, sannan Ankara. Iyaka uku, kuɗi iri uku, naira da sefa da sidi. Ka ce ba a tambaye ka biza ba saboda kwarjininka. Haba ɗan goggo! Yarjejeniyar ECOWAS ce ta 1979 ta ba kowane ɗan yankin damar shiga ƙasar maƙwabta ya yi kwana 90 ba biza, da mai kwarjini da irinka. An ce a Kwatano da aka yi maka Faransanci sai ka riƙa amsawa da "na'am, na'am" har aka sayar maka da abarba uku ba ka nema ba. Da ka isa kuma ba wanda ya tuna maka agogon Gana yana bayan namu da awa guda, ka tashi gida duka kana cewa asuba ta wuce, ladan ma bai juya a shimfiɗarsa ba.

Duk wannan wahala da kake tutiya da ita, a cikin mota ka sha ta, kana zaune kana cin gyaɗa. Kakan iyayenmu da ƙafa ya yi. Ya ɗaura wa jakuna saƙar Minjibir da baƙin rini da jar fata da kanwa, ya bi ayari ƙarƙashin madugu, suka ƙetare Kwara, suka ratsa Bargu, suka yi watanni kafin su ga kasuwar Salaga a ƙasar Gwanja, inda ake musayar tufa da goro. Bayan Turawa sun ci Asante a 1874, yaƙin basasa kuma ya watsa Salaga a 1892, sai cinikin ya gangara bakin teku, Hausawa suka bi shi. Ta wannan hanya Alhassan Ɗantata, haifaffen Bebeji a 1877, ya je Ankara wajen mahaifiyarsa yana saurayi, daga baya ya riƙa loda goro a jirgin ruwa zuwa Legas, har jirgin ƙasa ya iso Kano, sannan ya koma cinikin gyaɗa. Shi ma ziyarar dangi ce ta kai shi, ya dawo da jari. Kai ka dawo da waya cike da hotuna da mura.

Sai batun teku, wanda shi ne kan labarin. Kowa a Minjibir ya san tsakaninka da ruwa. Kai ne aka gayyata ɗaurin aure ƙetaren dam ɗin Wasai, ka ga kwalekwale ka ce ka tuna kana da baƙi a gida. Amma yanzu kana faɗa wa mutane wai ka yi wanka a Tekun Atilantika a gaɓar Labadi. Rahoton da ke hannuna ya ce ka tsaya can nesa kamar akuya ta ga hadari, takalmi a hannu, wando a naɗe har gwiwa, igiyar ruwa ɗaya ta taso ka ruga kana salati har ka ture kwandon mai kwakwa. Hoton da kake nunawa, wanda ruwa ya bayyana a bayanka, yaron da ya ɗauka ya ce sai da ya ja shi da zum. Ruwan da ya taɓa jikinka a ranar na leda ne, shi ma saye ka yi.

Ka kuma matsa a kai ka Jamestown ka ga masunta, don ka zo ka yi wa na Wasai gori. Aka ce ka bari sai gobe, ka ƙi. Ka je ka tarar da jirage a jere kan yashi, masunta na ɗinkin koma, ba mai shiga ruwa. Ka dawo kana cewa sun ji babban baƙo zai zo daga Kano shi ya sa suka ƙi fita. Ranar Talata ce, malam. Masuntan ƙabilar Ga ba sa shiga teku ranar Talata tun kaka da kakanni, hutun ruwa ne, da kai da babu kai. Hasumiyar fitilar jirage mai ja da fari da ke tsaye a wurin, an ce ka ɗaga kai ka dube ta ka ce ka ga komai daga ƙasa, hawa ba dole ba ne.

Na yaba maka abu ɗaya, ka je Tema. Da can Ankara ba ta da matsayar manyan jirage, a tsakiyar ruwa suke tsayawa, ƙarti su tuƙa ƙananan jirage su kwaso kaya da fasinja ta cikin igiyar ruwa. Sai a 1962, zamanin Nkrumah, aka buɗe tashar Tema a gabas da birnin, inda yau har kayan Nijar da Burkina Faso da Mali ke sauka a ɗora wa tireloli. Ka tarar da direbobin Maraɗi da Damagaram suna jiran lodi, suka ba ka shayi, ka zauna kana koya musu yadda ake ɗaure kaya, kai da buhun taki ke zamewa daga bayan babur ɗinka tsakanin Kunya da gida.

Akwai wuri ɗaya da zan ajiye wasa. An kai ka James Fort, ginin da Ingilishi suka kafa a 1673, kusa da Ussher Fort na mutanen Holan. A irin waɗannan gine-gine na gaɓar Gana aka tsare bayin Allah kafin a loda su zuwa Amurka, da yawa daga cikinsu an gangaro da su ne daga arewa, kuma kasuwar Salaga da ake sayen goro ita ma an sayar da mutane a cikinta. Daga baya James Fort ya zama kurkuku, a nan aka ɗaure Nkrumah a 1950, aka sake shi a 1951 bayan jam'iyyarsa ta ci zaɓe, ya kai ƙasar ga 'yanci ranar 6 ga Maris, 1957. An ce da ka fito ka daɗe ba ka ce uffan ba. Wannan shirun na karɓe shi. Ina kiranka bawa ne don al'adar taubasai, kuma na san ka ga bambancin wasa da abin da ya faru a can.

To, mu koma gida, inda laifinka yake. Sabon Zango unguwa ce mai asali, Malam Barko ɗan Malam Na'inno ne ya kafa ta a farkon ƙarni na 20 da tsohon zangon cikin gari ya cika. Daga nan zuwa Nima da Mamobi da Fadama, ko'ina ka juya Hausa ake yi, ana kiran salla, ana dama koko ana suyar ƙosai. Aka sauke ka, aka ba ka ɗakin ango. Da safe aka kawo maka waakye, ka cinye ka nemi ƙari, kana cewa ba ka taɓa cin irinsa ba. Shinkafa da wake ne fa, da karan dafi aka dafa shi ya yi ja, kai manomin wake! Da aka kawo kenke da kifi da shito, yaji ya kama ka, ka ce hawayen daɗin ganin dangi ne. Yara suka gaishe ka da Hausarsu ta Zango wadda ba ta cika raba mace da namiji ba, ka gyara zama ka buɗe musu aji a tsakar gida. Yaran da ke juya Hausa da Twi da Ga da Turanci, kai da ka sayi abarba uku da "na'am".

Ranar Juma'a aka kai ka babban masallacin ƙasa na Kanda, mai hasumiya huɗu, wanda Turkawa suka gina aka buɗe a 2021. Ka yi hoto ta gaba, ka yi ta baya. Baffa ya ce ku wuce Fadama a kai gaisuwa gidan babban limamin ƙasar, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, dattijon da aka haifa a 1919, ka ce sai gobe don rana za ta faɗi ba ka yi hoto a dandalin Baƙin Tauraro ba. Goben ba ta zo ba.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Da ka dawo, Goggo ta zaunar da kai ta tambaye ka 'ya'yan ɗan'uwanta nawa ne, wa ya yi aure, wa ke karatu, wace ce ta ci sunan kakarmu. Ka hau shafa waya kana nema. Hoton jirgin ruwa ya fito, hoton kabarin Nkrumah ya fito, hoton kasuwar Makola ya fito, kai har da hoton kifin da ka kasa cinyewa. Na Baffa guda ɗaya ne, shi ma rabin fuskarsa, don kanka ya tare sauran. Tsoho ya kwana biyu yana so ya ba ka labarin yadda mahaifinsa ya tsaya a Ankara, da dalilin da bai koma ba, da sunan gonar da ya bari a Minjibir, kai kuma kullum kana hanyar bakin ruwa. Teku ba inda za shi, ko jikanka ya je zai same shi. Baffa kuwa shekaru sun ja, kuma in ya tafi da wannan labari ba mai sayar mana da shi a Makola. An ce zumunta a ƙafa take, ƙafarka ta kai, kunnenka ne ya tsaya a tasha.

Saboda haka ga hukunci, a matsayina na ɗan namiji kuma ubangidanka. Na ɗaya, ƙwaryar goro, fari, a kai gidana kafin Juma'a, tarar rashin tsaraba, domin maɓallin makulli mai tutar Gana da ka aiko ba ya cikin lissafi. Na biyu, ka kira Baffa, ka sa takarda a gaba, ka rubuta zuriyar nan kaf, gida gida, ka kawo wa Goggo ta ji da kunnenta. Na uku, da Babbar Salla ka gayyato 'ya'yansa, kuɗin mota daga waken baɗi. Ni zan nuna musu gonar kakansu, in kai su kasuwar Kurmi su ga inda ayari ke ɗaure kaya, in kai su Ƙofar Mata su ga rini. Rangadin Wasai kuwa kai ne jagora, kai za ka fara shiga kwalekwale, tunda yanzu ka zama ɗan ruwa.

In kana da bakin ramawa, shafin nan a buɗe yake mako mai zuwa. Sai dai ka sani, akwai bidiyon gudun Labadi, kuma edita ya riga ya tambaye ni nawa zan sayar.

Naka, ɗan kawunka, mai gidanka har kullum.