Mai Tumbi Za Ta Zo Maitumbi

Hambug, Jamus

Zuwa ga taubashina, bawana na gado,

Ina fatan kana lafiya, kai da iyali, da tumbin nan naka da na ji labarin yanzu shi yake riga ka shiga masallaci. Ka gaida Kawu, ka ce ɗansa na neman albarka.

Albishirinka! Na yi maka ƙanwa. Mota na saya, ɗaki guda a kan taya huɗu: ga gado, ga murhun gas, ga ɗan firji, ga tankin ruwa. Mutanen nan da zarar sanyi ya wuce sai su zuba iyali a irinta su nufi bakin teku, inda dare ya riske su nan ne gida. Fiat Ducato ce. Kada sunan ya firgita ka. J5 ɗin nan da ke ɗauko doya daga kasuwar Gwada, ita da Ducato ta farko tagwaye ne, masana'anta ɗaya ta haife su a Italiya tun 1981. Tawa jikarsu ce.

Saboda Inna na saye ta. Ka san yadda bayanta yake hana ta zaman mota, shekara nawa rabonta da ganin 'yan uwanta a Kuta. A wannan za ta kwanta ta miƙe ƙafa, a dafa mata shayi a hanya. Allah dai ya zaunar mana da yankin Shiroro lafiya.

To, dalilin da na ce ƙanwarka ce: tumbinta a ƙasa yake. Na durƙusa na auna, tsakanin cikinta da kwalta bai cika taƙi guda ba. A titin Jamus wannan ba komai ba ne. Amma na tuna lungunmu na Maitumbi idan ruwan Agusta ya zaizaye shi, tayoyi su faɗa kwari biyu, tsakiya ta yi tozo kamar bijimi. Nan take za ta zauna daram, sai ka ce kai a gaban tuwon biki.

Shi ya sa na kai ta gareji a ɗaga ta. A gaba an sa mata zoben ƙarfe a saman shokozoba, ta tashi santimita 4. A baya kuwa sifirin ne irin na falle-falle, aka ƙara falle ɗaya, daidai yadda makanikanmu suke yi wa J5 in za ta sha lodi. Na ce a ƙara tsawo, bakaniken ya ƙi, kuma ya fi ni gaskiya. Da ƙafafun gaba take ja, in aka ɗaga ta da yawa shaf ɗin zai karkace, ya riƙa cin kansa har ya mutu. Ga ta doguwa dama, ga nauyin gado da kabad a sama; in aka wuce kima sai ta riƙa rangaji a kwana. Ba zan ɗora Inna a abin da ke rangaji ba.

Ga wani karatu da na ƙaru da shi, ka riƙe don ka yi wa 'yan majalisarku burga. Duk ɗagawar nan bodi kawai take ɗagawa. Ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya yana nan inda yake, ba abin da ke nisanta shi da ƙasa sai taya mai tsayi. Don haka na sauya tayoyi huɗun da masu ɗan tsayi da kaurin gefe, aka sake saita ƙafafun. Sannan aka ɗaura faranti na ƙarfe a ƙarƙashin inji, domin dutse ɗaya in ya huda mazubin baƙin mai, inji ya tafi ke nan. Da za a samu irin farantin daidai kai, da na aiko maka saboda hawa acaɓa.

A nan ba a taɓa ƙafar mota a hau titi haka kawai. Sai da injiniyan TÜV, masu gwajin motoci, ya duba aikin, aka shigar da shi cikin takardun motar. Wannan tsari ya burge ni ƙwarai, don rai ake ɗauka.

In Allah ya yarda zan sa ta a jirgin ruwa daga nan zuwa Legas bayan damina, in biyo ta mu hau tare har Minna. Kujerar gaba taka ce, amma fa nauyinka ba ya cikin lissafin bakanike, sai ka fara rage sakwara tun yau.

Yanzu ga aikinka. Ka nemi sanda ka je lungunmu, daga bakin titi zuwa ƙofar Inna, ka gitta ta a kan sawun tayoyi, ka auna min tsayin tozon nan a inda ya fi muni. Ka kuma auna ƙofar gida, faɗi da tsayi, don motar ta kusa mita 3 a tsaye. Ka durƙusa da kanka, kada ka aiki yara. Ka turo min kafin Juma'a, kuma kada Inna ta ji labari tukuna.

Naka, ubangidanka,
Ɗan Gwaggo