Guga da rana, fanka da dare

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 janareto ya rage kuka a layinmu, farantan sola suka hau rufin gidaje. Yanzu hirar majalisa bayan la'asar ta inbata ce: ta wane tana kai shi asuba, ta wane kuwa ƙarfe ɗayan dare take fara tsuwwa, yara su farka sharkaf da gumi. Mu kuma halinmu ɗaya, da ta ɗauke sai mu ce mai haɗawa ne ya cuce mu.

Wani ƙaninmu mai gyaran wuta ba ya bari maganar ta wuce. "Ranka ya daɗe, Alhaji, yaushe ake guga a gidanka?" Alhaji ya ce bayan isha'i, in an gama da yara. "To ai nan take! Dutsen guga yana jan wat 1,000 ko fiye, fankar sama kuwa kamar 70. Gugar awa ɗaya ta cinye abin da fanka za ta yi awa 14 tana juyawa da shi."

Gaskiyarsa. Har yanzu muna yi wa inbata kallon NEPA, wadda in ta zo ake rububin jona komai lokaci guda. Wutar batir kuwa aunanniya ce. Batir mai ruwan nan ma rabin cajinsa ne naka, in kana tatse shi ƙarƙaf kullum ba zai yi ƙarko ba, ga tsada. Gidajen da suka gane sun mayar da aiki mai nauyi tsakanin hantsi da azahar, lokacin da rana ke ciyar da faranti: a yi guga, a tura ruwa tanki, firji ya ɗauki sanyi, amma ɗaya bayan ɗaya, don firji da famfo suna fizgar wuta sosai a lokacin tashi. Hita kuwa gara a bar wa gas aikinta.

Akwai ɓarnar da ba ma lura da ita: inbata ko ba a jona mata komai ba tana shan nata, wata sai a kulle gida a tafi biki a bar ta a kunne. Wasu kuma a lungun da iska ba ta shiga suke cusa ta, a zafin Kano!

Hunturu na tafe, jama'a. A riƙa goge ƙurar faranti da sassafe, a duba ruwan batir, in ya yi ƙasa a ƙara tataccen ruwa, ba na rijiya ba.