Ciyawarka Ba Kambun Baka Ba Ne, Alhaji

Na san abin da za ku ce tun kafin ku kai ƙarshen layin nan. Wai duk matsalolin ƙasar nan, marubuci ya rasa abin da zai ɓata tawada a kai sai ciyawa. Ciyawar da manomi ke biyan 'yan ƙwadago su nome, ita wani ke saye a bakin titi a Abuja ko Kaduna, ya dasa a tsakar gida, yana ɗura mata ruwan da maƙwabcinsa ke saye jarka-jarka wajen 'yan garuwa. Na ji, abin da ban dariya. Amma ai ku ɗin nan ne, in ana biki a gidan Alhaji, kuke ture juna wajen ɗaukar hoto a kanta. Don haka ku gyara zama.

Ciyawa na nan kore shar, sai wata safiya a ga wani wuri ya yi ja ya bushe, kamar kan yaro mai ƙora. Maigida ya ce a ƙara ruwa. Mai kula da fulawa ya ce a ba shi kuɗin taki da maganin feshi. Hajiya kuwa ta ce tun ranar da ƙawarta ta yaba ciyawar nan ta san ba za a wanye lafiya ba. Duk cikinsu babu wanda ya durƙusa ya duba.

To, ranka ya daɗe, tattara babbar rigar ka durƙusa. Kama ciyawar daga gefen tabon, inda busasshiya ta haɗu da ɗanya, domin mai ɓarna ya riga ya bar tsakiya. Ja ta. In ta taso salin-alin babu saiwa, tona ƙasan, za ka tarar da fararen tsutsotsi a lanƙwashe, masu jan kai, sun cinye saiwar. Ɗaya ko biyu ba abin tada hankali ba ne. In kuwa rani ne ka ga ƙasa ta lulluɓe karan ciyawar, gara ce, ba sai an gabatar maka da ita ba. In ganyen ne aka gaigaye, zuba sabulun wanke-wanke cokali biyu a bokitin ruwa, ka kwarara a wurin, ka jira minti goma. Tsutsar nan mai cin masara, wadda aka fara gani a Najeriya a 2016, ba ta raina ciyawar gida, kuma sabulu zai fito da ita fili.

Na ji wani daga baya yana cewa ai shi ke nan, a feshe kawai. Yi haƙuri, Malam, sau da yawa babu ƙwaro ko ɗaya. Ɗauko guntun rodi ka soka a inda ciyawa ke da rai, zai shige. Soka a tabon, sai ka ji ƙwas, ko tsawon yatsa bai nutse ba. Nan magina suka binne maka tsarabarsu: fasassun bulo, ɓaraguzan tayil, buhun siminti da ya daskare, suka yayyafa ƙasa a kai suka karɓi cikon kuɗinsu. Ƙasar da ke kan irin wannan ba ta riƙe ruwa, kuma a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Kano, gasa saiwar take yi. In kuma tabon mai kusurwa huɗu ne cif, to cuta ba ta yawo da magwaji, murfin sokawe ne a ƙasa. Ko ka feshe shi da duk maganin da ke kasuwa, sai dai mai shago ya sa maka albarka. Tonewa za a yi, a kwashe tarkacen, a cike da ƙasa mai kyau da ruɓaɓɓen taki, aƙalla zurfin taƙi guda.

Akwai kuma tabon da tsakiyarsa ta ƙone ƙurmus, amma kewayensa ya fi ko'ina kore da tsawo. Wannan fitsari ne. Na kare ne, ko na ragon layya da aka ɗaure, ko na wani mai ƙyuyar zagayawa da dare, ni dai ban kama sunan kowa ba. Sinadarin naitirojin ne ya yi yawa a tsakiya ya ƙona, ya tsarga gefe ya zama taki. Haka takin yuriya ke yi, mai kashi 46 cikin 100 na naitirojin, in aka watsa shi da hannu ya taru wuri ɗaya. Nan ne kaɗai maganar maigida ta yi daidai: a kwarara ruwa sosai ya wanke gishirin. Inda aka zubar da baƙin man janareta ko ruwan bilic kuwa, ƙasar ce za a canza.

Masu cewa ruwa ba ya yawa, ku zo nan. A watan Agusta, ana ruwa kullum, ku kuma kuna kunna tiyo bayan magariba, ganye ya kwana a jiƙe. Ruɓa ce ke kama shi: ka ja ganyen ya tsinke daga gindi, saiwa na nan daram. A daina ban ruwan dare, a koma na sassafe, a dakatar da taki. Da hunturu kuma, in ciyawar kiri-kiri ta yi fari fat, kada a yi mata jana'iza. Kankare karanta da farce, in cikinsa ɗanye ne barci take yi.

Bayan an kawar da sanadi, a share busasshiyar, a sassauta ƙasa, a ciro 'yan rassa daga ɓangaren da ke da lafiya a dasa, zai fi kyau a farkon damina. Wajen aski kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawonta.

Saura ku 'yan a-zuba-siminti-a-huta, da ke ta murmushi tun ɗazu. Ina gayyatarku tsakar gidanku ranar da rana ta take a watan Afrilu, bayan azahar. Ku tuɓe takalma, ku taka daga ƙofar falo zuwa get, a hankali, babu gudu.