Jan farce a ƙofar mota, sai Badamagare

Bawana, labarinka ya iso Kano tun fentin bai bushe ba. Wani direba mai bin hanyar Matamaye ne ya kawo shi, yana faɗa yana riƙe ciki. Wai ka kutsa lungun unguwar Birni a Zinder da jar Corolla ɗinka, kana ɗaga wa mutane hannu kamar mai hawan salla, dutse ya shafi ƙofar baya. Dutsen nan yana wurin tun ba a haifi Sarki Tanimu ba, amma an ce ka fito kana tambayar wanda ya ajiye shi a kan hanya.

Wannan duk mai sauƙi ne, kowa yana goga mota. Abin da ya kashe ni da dariya shi ne maganin da ka yi. Ka ƙi zuwa wurin mai fenti don kada ya ci maka jika biyar, ka lallaɓa ɗakin uwargida ka ɗauko jan farcenta, ka tsaya da tsakar rana a ƙofar gida kana shafawa, kana cewa ai ja duk ja ne. Iskar hunturu ta zo ta yi maka barbaɗe. Yanzu an ce ƙofar ta koma kamar kilishi, har yaran Zango suna lasar baki in ka wuce.

Haba jikan masu igwa! Kakanninku sun zuba tagulla sun ƙera igwa a cikin garinku, sarkinku Kuran Daga ya kawo yaƙi har kusa da Kano a zamanin Sarki Alu, ko da yake, kada ka manta, bai ga cikin ganuwa ba. Su ne suka bar jikan da zane ɗaya a jikin ƙarfe ya gagara? To zauna ubangidanka ya koya maka, kyauta, tunda na san ko na ce ka biya sai ka nemi ragi.

Da farko ka ja farcenka a kan zanen, farce kawai, ban da jan. In bai maƙale ba, ƙyallin sama ne ya ji ciwo, man goge mota da tsumma mai laushi sun ishe ka. In ka hango fari-fari ko ruwan toka, an kai shimfiɗar ƙasa. In kuwa ƙarfe ne yake leƙo ka, kada ka bar shi ya ga damina, don tsatsa tana shiga ƙarƙashin fenti ta yi ta ci, sai ka ga wurin ya kumbura. Irin wannan sai an kankare tsatsar, an sa fentin shimfiɗa, sannan launi.

Ka wanke wurin da sabulu ya bushe sarai. Na san maganar ruwa a Damagaram ba ta wasa ba ce, amma kofi biyu ba za su sa mai garuwa ya yi fushi ba. Sannan ka nemi inuwa, da sassafe, ranar da iska ta kwanta. Ƙarfen da ya sha rana yana busar da fenti tun bai zauna ba.

Batun ja duk ja ne kuwa, a nan ka fi ba ni kunya. Kowace mota da lambar launinta, tana jikin ɗan allon da ke bakin ƙofar direba ko ƙarƙashin murfin inji. Da ita ake haɗa fenti. Ko da lambar ma, motar da ta yi shekaru tana gasuwa a ranar Zinder ta koɗe, sabon zai ɗan fi ta kauri a ido, balle jan farcen zuwa biki. Kuma ba a lafta shi kamar yaɓen soro. Da tsinken ashana ake ɗigawa cikin zanen, kaɗan, a bari ya bushe, a ƙara, har ya cika. Bayan kwana biyu ka jiƙa samfefa mai laushi, mai lamba 2000, ka shafa a hankali, ka bi da man gogewa. Haƙuri kawai aikin yake so, abin da tun 1926 da aka ɗauke muku babban birni aka kai Yamai ya kamata a ce kun ƙware a kai.

Ka turo mini lambar, in leƙa kasuwar Ƙofar Ruwa in sa a haɗa maka 'yar kwalba, direban nan ya kawo maka. Kuɗin da sefa za ka biya, ka haɗa da na jan farce sabo, don uwargida ta riga ta kira tawa ta kai ƙara.