Siririya Mai Zafin Kai

Ranar da na shigo da ita gida, uwargida ta dubi kwalin, ta dube ni, ta ce, "Maigida, wannan fa?"

Na ce, "Ta aiki ce."

Ban yi ƙarya ba, maganar ce dai ban ƙarasa ba. Da rana ina aikin ofis, da dare ina haɗa bidiyon biki, kamu da dina da walimar sauka, ka ga ke nan akwai aiki a ciki. Abin da na haɗiye shi ne, tun zamanin da muke tara kuɗin tara mu kai shagon gem, nake da burin in mallaki abin da zan buga ƙwallo a kai ba tare da wani ƙato ya tsaya a kaina yana cewa lokacina ya cika ba. Yanzu ina dab da arba'in, furfura ta fara leƙowa a gemu, amma burin nan ko tari bai yi ba.

Aibin laftof ɗin gem ta asali shi ne ba ta iya rufa wa magidanci asiri. Ga kauri kamar dutsen niƙa, ga fitilu ja da kore da shuɗi suna wal-wal kamar adaidaita-sahun ɗan gayu. Ka shiga da ita gida ka ce ta aiki ce, ko yaron goye sai ya yi maka dariya. Siririyar kuwa saliha ce. Tun 2017 kamfanin Nvidia ya fito da wata dabara da ya kira Max-Q, ta cusa katin hoto mai ƙarfi a jikin laftof marar kauri, daga nan masu ƙera kwamfuta suka yi ta sako irin waɗannan: ruwan toka, ba ado, nauyin wasu bai kai kilo 2 ba. Ka gan ta a kan tebur ka rantse ta ma'aikacin banki ce. Tawa matsakaiciya ce, ba ta 'ya'yan manya ba, ba kuma ta 'yan rakiya ba. Katinta RTX 4060 ne mai gig 8, sikirin ɗinta yana sauya hoto sau 144 a daƙiƙa guda. Na haddace lambobin nan kamar karatun allo, na riƙa zuba wa duk wanda tsautsayi ya haɗa ni da shi.

A titin Beirut da ke Kano na saye ta, cikin Fabrairun 2024, daidai lokacin da dala ta haura naira 1,500 tana ta tsalle kamar ɗan akuya. Muna ciniki mai shagon yana duba waya. Na taya, ya duba waya, ya ƙara a kan abin da ya faɗa da farko. Na ce masa a garinmu ciniki ƙasa yake yi. Ya ce, "Oga, in ka je sallar la'asar ka dawo ma ba haka zan bar maka ba." Ban je ko'ina ba sai da na tura masa kwasar adashin ofis gaba ɗaya, wadda a gida an riga an yi mata lissafin silin ɗin falo.

Sai dai a yi mata adalci. Makonnin farko na sha daɗi. Bidiyon da tsohuwar kwamfutata take kwana tana fitarwa, in tashi asuba in tarar ta tsaya a kashi 83 ta sume, wannan kafin in sha shayi in wanke kofi ta gama. Wata uwar amarya har ta ƙara mini dubu biyar saboda an kai mata aikinta washegari. Da dare kuma, bayan gida ya yi shiru, in saka abin kunne in buɗe FC 24, wato FIFA ɗin da aka sauya wa suna a 2023. Ciyawar fili ɗaya bayan ɗaya kana gani, gumin ɗan wasa kana gani. Lokacin kuma da sauran sanyin hunturu, ɗan ɗumin da take fitarwa ta gefe har daɗi yake mini a yatsu.

Abin da ya fara ba ni kunya caja ce. Na yi ta yi wa abokan aiki burgar rashin nauyi, na manta ban auna uwar ɗakinta ba. Cajar wani bulo ne baƙi, da igiya mai kaurin ta ɗaure saniya. Laftof ta shige jaka sumul, caja ta turo gefe kamar jakar na da ƙari. Kuma ba a barin ta a gida, don siririyar nan ba ta da juriyar yunwa.

Sannan azumi ya kama ranar 11 ga Maris, ya zo da zafinsa. Wanda ya yi wannan azumin a Kano bai manta ba. Rana ta haura digiri 40, wuta sai an ga dama, ƙanƙara ta zama abin bin layi. A nan halin amaryata ya fito. Da na buɗe gem, minti biyar ba a yi ba fankokinta biyu suka ɗauki kuka, wani siririn fito mai huda kunne kamar jirgi zai tashi. Ni da abin kunne ban san iyakar abin ba. Wani dare bayan asham aka yi sallama, na fito na tarar da yaron maƙwabta riƙe da wayoyi uku. Ya ce, "Abba, wai in ji Umma, tunda kun tayar da inji a taimaka a sa mana caji." Na ce masa ba mu tayar ba. Ya karkata kai wajen tagar ɗakina ya saurara, sannan ya dube ni irin kallon da ake yi wa babban da ya yi ƙarya a watan azumi.

Kan cinya kuwa, duk da sunanta na kwamfutar cinya, ba a magana. Sau ɗaya na gwada da gajeren wando. Na kwana ina shafa man kaɗanya.

Na kai ta wurin wani mai gyara da na sani, na ce ina jin an sayar mini da mai ciwo. Ya jona ta, ya danna nan ya danna can, ya ce lafiyarta ƙalau, haka Allah ya yi ta. Ya ce katin nan mai suna 4060, a laftof ana iya ba shi wuta daga wat 35 har zuwa 115, ya danganta da abin da jikin kwamfutar zai iya ɗauka. Suna ɗaya, kwali ɗaya, ƙarfi daban. "Doki ɗaya ne, Oga, amma naka da dabaibayi." Mai kaurin da na raina tana da faffaɗan ciki, manyan fankoki da bututan tagulla masu kwashe zafi, shi ya sa ake sakar mata wuta ta yi gudu. Tawa ba ta da wurin, dole ƙananan fankokinta su yi ta juyi da ƙarfi, wannan ne kukan. Idan kuma zafin cikinta ya doshi digiri 95 zuwa 100, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Na ce to a ƙara mata ram ko za ta ji sauƙi. Ya ce ba ruwan ram da zafi, kuma ko da ruwansa, tawa an like shi ne a jikin allo, ba ya cirowa, abin da ka saya da shi za ka mutu. Batir fa? Ya ce duk duniya da wuya ka ga laftof da batirinta ya wuce 100 a ma'aunin wat na awa, saboda dokar shiga jirgin sama da shi, tawa ko kusa ba ta kai can ba. In ana rubutu za ta yi sa'o'i, in gem ne awa guda ma sai da addu'a.

"A ɗakin da ke da iyakwandishan aka ƙera ta," in ji shi. "Kai kuma ka kawo ta Kurna."

Da nan na tsaya da mutuncina bai zube ba. Amma akwai ƙanin uwargida, ɗan jami'a, wanda tun yana firamare ya raina ni. Shi kaɗai a dangi ya kalli laftof ɗin sau ɗaya ya gane ko wace ce. Ya matso ya ce a hankali, "Yaya, wannan aikin naka da fad ɗin gem ake yin sa ko?" Na toshe masa baki da kuɗin data. Daga nan ya riƙa cika baki wai ko da hannu ɗaya zai ba ni biyar. Muka tsayar da washegarin sallah, wanda aka ci ya sayi balangu. Ba caca ba ce, alkawari ne tsakanin 'yan'uwa.

Ranar mata suka cika tsakar gida, har da Hajiya surukata. Muka shige ɗaki muka turo ƙofa, na ce za mu duba wani aiki. Ana minti na 20 ina gaba da ɗaya, masu wuta suka ɗauke. Sikirin ya dushe, 'yan wasana suka koma tafiya kamar masu ciwon gwiwa, don da zarar ta koma kan batir sai ta tsuke bakin aljihu. Yaro ya farke, ya ƙara. Na ce a tsaya. Na fita ta baya na girgiza janareta, ɗan man da ke ciki bai fi kofi biyu ba, tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 lita ta haura 600 muke auna shi kamar turare. Na tayar, na dawo, muka ci gaba. Amma fankar sama ba ta juyi, ɗaki kamar tanda, kwamfuta ta ɗauki zafi ta fara shiɗewa. Ka danna fas yau, ƙwallo ta tafi gobe.

A nan shaiɗan, wanda kwana biyu ke nan da kwance shi, ya kawo mini shawara.

A kula akwai ƙatuwar ƙanƙara da uwargida ta aika tun safe aka bi layi aka sayo don zoɓon baƙi. Na lallaɓa na ɗauko ta a ƙarƙashin babbar riga, sanyi yana ratsa mini haƙarƙari ina yi wa baƙi murmushi. Na sa ta a faranti, na gitta muciya da ludayi a kai, na ɗora laftof. Ƙanin nan ya ce, "Yaya, anya?" Na ce kimiyya ce, ba a kai ku nan ba a makaranta.

Abin haushin, ya yi aiki. Kuka ya ragu, 'yan wasana suka warke, na farke, biyu da biyu. Ƙanƙara tana ta narkewa, faranti yana cika, ba wanda ya kula. Minti na 88 ɗan gabana ya samu ƙwallo shi da gola, ya ɗaga ta sama, ta faɗa raga. Na manta shekaruna, na manta surukata tana waje. Na zabura na kurma ihu, gwiwata ta daki tebur, muciya ta mirgina, siririya ta zauna daram a cikin ruwa kamar agwagwa. Wani ɗan sauti ta yi, ƙit, ta yi duhu.

Ƙofa ta buɗe. Uwargida ce a gaba, Hajiya a bayanta, sai ƙananan kawuna ta ko'ina. Ga ni da fad a hannu, riga jiƙe, ga muciyar tuwo a ƙasa.

Hajiya ta ce, "Lafiya dai, ɗan nan?"

Na durƙusa na ce, "Lafiya lau, Hajiya, aiki ne ya ɗan..."

Uwargida ta ce, "Ina ƙanƙarata?"

Ba wanda ya amsa. Baƙi suka sha zoɓo da ɗumi. Ƙanin nan kuma ya kafe wai tunda ba a hura tashi ba, ƙwallon ƙarshe ba ta shiga lissafi, kuma wanda ya kashe wasa shi aka ci. Na sayi balangu.

Da dare na tuna an ce shinkafa tana tsotse ruwa, na tura laftof cikin buhun shinkafar gida na binne ta kwana biyu. Mai gyara da ya kwance ta ya yi salati. Ya zaro wata dunƙulalliyar ƙura daga bakin fanka kamar audugar katifa, tarin hunturu guda, sannan ya riƙa tsinto ƙwayoyin shinkafa da hantsaki yana jera mini a kan tebur. Sha ɗaya. Ya ce shinkafa ba ta yi komai ba, abin da ya cece ni shi ne ban kunna ta ba. Ya wanke allon da sinadari, ya sauya man da ake shafa wa ƙwaƙwalwarta, ya ce ko ba faɗawa ruwa, sanyin ƙanƙara kaɗai yana sa raɓa ta taru a ciki. Ta tashi. Kibod ɗin ne dai harafi uku suka riga mu gidan gaskiya.

Yanzu tana kan tebur a kusurwar ɗaki, bisa wani faifai mai fankoki da na saya mata. Na jona mata kibod na waje, da linzami, da fanka mai caji tana yi mata fifita ta gefe, igiyoyi sun kewaye ta kamar marar lafiya a asibiti. Wata takwas ke nan ba ta motsa daga wurin ba. Tsohuwar kwamfutata mai nauyin dutse ita nake saɓawa zuwa ofis.

Rannan na dawo da yamma na tarar uwargida ta cire duk igiyoyin, ta ɗora ta a cinya tana kallon shirin Labarina, ba caja, ba kuka, shiru kamar ba ita ba. Ta ce tun azahar take kallo batir bai kai rabi ba. Na taɓa ƙasanta, sanyi ƙalau.

Ta ce, "Ni fa ba ta taɓa yi mini ihu ba. Tun daren farko nake jin ka kana zagin alƙalin wasa, na ce bari in ga ranar da aikin zai ƙare." Ta mayar da ido kan sikirin. "Maganar silin fa, Maigida?"