Malam Albasa Ba Ɗan Gwari Ba Ne

A Ingila akwai dangin da sunansu Onions, wato albasa, kuma ba guda ɗaya ba, tuli guda. Kai mai murmushin can, na ji abin da ka ce: "Ai kakansu kayan gwari yake sayarwa." Sannu da bincike, ranka ya daɗe, Farfesa! Ko tashi daga kan tabarma ba ka yi ba ka gama tarihin mutane.

To, saurara. A da mutanen Wales ba su da sunan dangi. Mutum sunansa da na ubansa ne, a tsakani a sa "ap" ko "ab", ma'ana ɗa. Einion kuwa tsohon suna ne a can, akwai ma wani malami, Einion Offeiriad, da ya rubuta nahawun harshensu a ƙarni na 14. Ɗan Einion shi ne ab Einion. Bayan dokokin 1536 da 1543, zamanin Sarki Henry na Takwas, da suka haɗe Wales da Ingila suka mai da Turanci harshen kotu, sai aka soma barin wannan tsari a hankali. Kalmar ta manne da sunan, kamar yadda Ɗan Fodiyo ya zama Danfodiyo a takarda, aka sami Beynon da Binyon. Inda kuma aka yar da "ab" ɗin, musamman garuruwan bakin iyaka irin na Shropshire, kunnen magatakardan Ingila ya ji Einion, hannunsa ya rubuta abin da yake gani a miya.

Hajiya ta ce ba ta yarda ba. Ba laifi, Hajiya, ga rabonki: masana sun ce wasu masu sunan daga tsohon Faransanci suka samo shi, kakanninsu masu sayar da albasar ne da gaske. Amma kada a yi guɗa tukuna, wasu ne aka ce.

Abin dariyar ma yana gaba. C. T. Onions, haifaffen Birmingham a 1873, yana cikin editoci huɗu na babban ƙamus ɗin Oxford, kuma shi ya shirya ƙamus na asalin kalmomin Turanci da ya fito a 1966, shekara guda bayan rasuwarsa. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana tono tushen kalmomi, ku kuma a zama ɗaya kun kafa masa rumfa a kasuwa, har kuna tambayar nawa ne kwando.